Abuja: Kuɗin damina ɗaya ba diyyar gona ba ne

Duk wanda ya bi titin filin jirgin sama, ya wuce Lugbe ya nufi Kuje, zai ga abin da idonsa. Inda a da kunyoyin doya da dawa suke, yanzu turakun siminti ne da katangu. Wasu filayen an yi shekaru da killace su, ciyawa ta kai ƙirji, ba a aza ko bulo ɗaya a ciki ba. Mai takarda yana jiran fili ya yi tsada ya sayar, manomi kuwa tuni aka sallame shi.

Ban ce birni ya daina faɗaɗa ba. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 jama'a ke kwararowa, kuma ma'aikacin da tsadar haya ta kora Suleja ko Maraba shi ma yana buƙatar muhalli.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lissafin diyya. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya ga gwamnatin tarayya, dokar filaye ta 1978 kuma abin da aka shuka ko aka gina take biya, ba ƙasar kanta ba. Sai jami'ai su zo da takarda da biro, su ƙirga bishiyoyin mangwaro da yazawa da amfanin da ke tsaye, a ba manomi ɗan ƙabilar Gbagyi ko Gwandara kuɗin damina ɗaya. Shi ke nan ya rabu da gonar da kakanninsa ke nomawa tun kafin dokar 1976 da ta kafa birnin. Kuɗin su ƙare, ɗansa ya koma ɗaukar bulo a rukunin gidajen da ake ginawa a kan gonar ubansa. Wallahi wannan ba adalci ba ne, ko da doka ta halatta shi.

Mu ma da muke kukan tsadar mudu a kasuwar Gosa abin ya shafe mu, don abincin da ba a noma kusa ba sai an ɗora masa kuɗin mota.

Kafin a kai katafila sabuwar gona, ministan Abuja ya fara da filayen cikin gari da aka killace aka watsar. Gonakin Kwali da Abaji da Kuje da suka rage kuma a shata su a taswirar AGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Abuja, a matsayin na noma, da takardar mallaka da sunan al'ummar wurin. Inda aikin gwamnati ya tilasta karɓar gona, a ba mai ita wata gonar kafin a tayar da shi.