Takardar Rajista Ba Shaidar Lafiyar Kare Ba Ce

Mutane da yawa na ɗauka cewa muddin ɗan kwikwiyo na da takardar rajista, to lafiyarsa ƙalau. Ba haka ba ne. Takardar da ƙungiyar rajistar karnuka irin American Kennel Club ta Amurka ke bayarwa tana nuna asali ne kawai: uwa da uba jinsin kare ɗaya ne. Ba ta cewa komai game da cutar da suke ɗauke da ita a jini.

Jinsin German Shepherd, alal misali, yana yawan gadon matsalar gaɓar kwatangwalo. Kwikwiyo zai riƙa tsalle-tsallensa, sai ya girma a ga yana ɗingishi, yana tashi da ƙyar. Shi ya sa mai kiwo na ƙwarai ke ɗaukar hoton ƙashin iyayen kafin ya haɗa su. Gidauniyar OFA ta Amurka, mai duba irin waɗannan hotunan ƙashi, ba ta ba da sakamakon ƙarshe sai kare ya cika wata 24. Idan za ka sayi kwikwiyo, ka nemi ganin wannan sakamakon. Ka ga uwar da idonka tare da 'ya'yanta, a inda suke kwana. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Raba shi da uwa da wuri kan janyo tsoro da yawan cizo.

Ban da masu kiwo, akwai kuma ƙungiyoyin ceto da suka keɓanta da jinsi guda, masu karɓar karnukan da suka rasa mai riƙo su nema musu sabon gida. Yawancin karnukansu manya ne, halinsu ya riga ya bayyana, kuma a ganina wannan babbar riba ce ga wanda bai taɓa riƙon kare ba. Sai dai tarihin iyayen ba kasafai ake samu ba, don haka a kai karen wurin likitan dabbobi tun makon farko.