Mutumin da ya buɗe lema cikin ɗaki

Jama'a wannan maganar ta hifnosis ta daɗe tana min yawo a kai. Ba barci ba ne fa kamar yadda ake zato, mutum yana jin komai, hankalinsa ne aka tattara wuri guda, sai a ce masa in an gama ka ji kaza za ka yi kaza, kuma wallahi wasu sai su yi ɗin.

A 1889 Sigmund Freud, shahararren likitan nan mai nazarin tunanin ɗan Adam, ya je garin Nancy a Faransa wajen wani likita Bernheim ya ga abin da idonsa. Freud ɗin ne ya ba da labarin majinyacin da aka yi wa hifnosis aka ce masa in likita ya dawo ɗakin ya ɗauko lema ya buɗe masa a ka, aka tashe shi, likita na shigowa kuwa bawan Allah ya ɗauko lema ya buɗe. Da aka tambaye shi dalili bai ce ban sani ba, cewa ya yi ai ya ga ana ruwa ne a waje. Nan ne ni abin ya tsaya min a rai, bakinsa ya ƙera dalili nan take kuma babu alamar ya san ƙerawa ya yi.

A 1968 wani masani mai binciken hifnosis, Martin Orne, da abokan aikinsa sun gwada, suka yi wa mutane hifnosis suka ce musu duk sanda suka ji wata kalma su taɓa goshi, to har a wajen ɗakin gwajin da sakatariya ta faɗe ta cikin hira wasu sun taɓa.

Amma masu cewa za a iya juya mutum kamar waina da wannan abin sun cika baki. Waɗanda yake kamawa sosai ba su wuce 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma umarnin yakan dusashe da lokaci, ko barin sigari da ake ta tallarsa a kai hujjar ba ta da ƙarfi.

Ni dai tunda na san labarin nan, in na ji kaina ina zuba dalilin wani abu da na yi da sauri haka sai in ɗan tsaya, anya ba lema na buɗe ba?