Mu 'yan Zango ne za mu yi wa ɗan adawa dariya?

Jama'a, wani abu na ci mini tuwo a ƙwarya. Da an kama ɗan adawa a wata ƙasa, sai ka ji samarinmu a teburin mai shayi a unguwar Aboabo ta Kumasi suna cewa "maganinsa ke nan, bakinsa ya yi yawa." Mu fa?

Ku tambayi dattawa. A 1957, ko shekara ba a yi da samun 'yancin Gana ba, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya, saboda jam'iyyarsu ta Musulmi tana ɓangaren adawa. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, shari'a ta bi ruwa. Da shekara ta zagayo aka kawo dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, wadda da ita aka riƙe jagoran adawa J.B. Danquah har ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. A kanmu aka fara wasa wuƙar.

Su kuma masu cewa suna kare dimokuraɗiyya daga waje, ban ga abin yabo ba. Da sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, hafsoshin ECOWAS suka taru a Accra ana maganar yaƙi. Ba na goyon bayan juyin mulki, kada a yi mini fassara. Amma ga Togo nan a bayan Aflao, garinmu na kan iyaka: gida ɗaya ke mulki tun 1967. A 2024 aka sauya tsarin mulki, a 2025 Faure Gnassingbé ya koma kujerar shugaban majalisar ministoci, mai riƙe da iko duka, ba wa'adi. Wa ya rufe iyaka? Wa ya yanke wuta? A Kwadebuwa an cire Gbagbo da Tidjane Thiam daga takarar 2025, Ouattara ya zarce karo na huɗu, Faransa ba ta ɗaga murya ba.

To, yaron Yamai yana ganin duk wannan, don me zai saurari ECOWAS in ta zo masa da wa'azin zaɓe?

Gana ce ke da bakin magana, tunda Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya amsa kaye a Disambar 2024 tun kafin hukumar zaɓe ta sanar da sakamako. Ya kamata Shugaba Mahama ya faɗa wa Lome gaskiya, maƙwabcinsa ne.