Tsofaffin nagatif ɗin Jos: a fara da sikana

Musun da masu harkar hoto ke yi kan babban fim, ko a sa shi a sikana ko a shiga ɗakin duhu a buga shi a kati, ni dai a nan Jos na ɗauki ɓangare: a fara da sikana. Na san dattawan sana'ar ba za su ji daɗin maganar ba, Allah ya huci zuciyarsu.

Ga wanda bai san shi ba, babban fim shi ne na kyamarar nan mai ƙafa uku da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Falle-falle yake zuwa, inci 4 da 5 ko inci 8 da 10, kowane falle hoto guda; in an wanke shi, shi ne nagatif ɗin da ake buga hoton daga jikinsa. Mai inci 4 da 5 in sikana ta ɗauke shi da ɗigo 2400 a kowane inci, lissafin ya haura megafiksel 100. Aikin wuyan babbar riga sai ka ƙirga zarensa a allon kwamfuta.

Ba na raina ɗakin duhu. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin jar fitila ya ga farin kati a cikin faranti, ana girgiza ruwan magani a hankali har idanu su fara fitowa, sai hula, sai sauran fuska, ya san akwai abin da kwamfuta ba ta bayarwa. Gwani yakan tare haske da tafin hannunsa na 'yan daƙiƙu don kada fuskar baƙin mutum ta nutse a duhu, ya ƙara wa farar riga haske don aikinta ya fito. Hannu ne ke yi, shi ya sa bugu biyu ba sa zama daidai.

To amma da me za a yi? Katin da magungunan duk daga waje suke, na kamfanin Ilford daga Ingila, kuma da kuɗin waje ake sayensu. Kati mai kauri na asali yana son kusan awa guda a ruwa mai gudu kafin maganin ya fita daga jikinsa, in ba haka ba nan gaba ya yi ja-ja. Wa zai saki famfo awa guda a unguwar da ake sayen jarka wurin 'yan garuwa? Ga wuta: da daƙiƙa ake auna hasken injin faɗaɗa hoto, in ta yi ƙasa a tsakiyar aiki kati ya tafi a banza. Abu ɗaya da Jos ta fi sauran garuruwa shi ne sanyi, don maganin wanki digiri 20 yake so. Mutumin Abuja a watan Maris sai ya nemi ƙanƙara.

Sikana ma da nata ciwon kai. Lokacin hunturu ƙura ba ta raga wa kowa, ko ƙwaya ɗaya ta sauka a gilashi sai ta fito a hoton, ka zauna kana goge ta ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan sikana irin su Epson V850 kuma ba su kai babbar sikana mai ganga fitar da abin da ke cikin duhun fim ba.

Abin da ya sa duk da haka na zaɓe ta shi ne lokaci. Tsohon fim yana ruɓewa. In ka buɗe akwati ka ji wani tsami ya bugi hancinka, fim ɗin ya fara cin kansa ke nan, zai motse ya kumbura, kuma ba ya komawa. A Bukuru da Gangare da sauran tsofaffin unguwanni akwai gidajen da mai hoto ya rasu ya bar kwali a ƙarƙashin gado, hotunan aure da na sallah da na ma'aikatan kuza. Ɗakin duhu zai fitar da 'yan kaɗan a yini, sikana kuwa sai ta kwashe kwalin, a tura wa dangi na Kano da Kaduna. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Terminus a 2002 ya san haɗarin ajiye abu tilo a wuri guda.

Inda nake faɗa da 'yan kwamfuta shi ne masu cewa tunda an yi sikanin a zubar da nagatif. Haba! Seydou Keïta, mai hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ɗauka da fim mai santimita 13 da 18, ya buga wa mutane daidai girman fim ɗin. Ya adana nagatif ɗinsa, shi ya sa a shekarun 1990 aka kai su Faris aka faɗaɗa, duniya ta san shi. Kuma bugun nan nasa har gobe zai yiwu a nan: a ɗora fim a kan kati, a danne da gilashi, a kunna ƙwan fitila. Gari irin Jos da ke da makarantar koyon fim ta ƙasa bai kamata a rasa mai koyar da wannan ba.

In kwalin yana gidanku, ku riƙe fim ta gefe, ku sa kowanne a ambulan na takarda maimakon leda, ku ware masu tsamin wari daban. Sannan ku kai wa Hajiya ko Baba hoton a waya tun suna iya gane fuskokin, ku rubuta sunaye da shekara a bayan ambulan.