Redis ya dawo, amma su wa ya tarar a gida?

A watan Mayun 2025 kamfanin Redis ya yi shelar cewa manhajarsa ta ajiyar bayanai, mai suna Redis ita ma, ta sake zama buɗaɗɗiya, wato kowa na iya duba ta, ya gyara, ya rarraba, tunda ya ƙara lasisin AGPL mai ba da wannan 'yanci a fitowa ta 8. Har yau wasu na tafa masa, wai ya saurari jama'a. Wannan tafin ne ke ba ni haushi.

A 2018, da aka fara ƙorafi kan wasu sassan da ya sauya wa lasisi, kamfanin ya fito fili ya ce uwar manhajar tana kan lasisin BSD, wanda ke barin kowa ya yi amfani da ita har ya sayar, kuma a nan za ta zauna. Kan wannan alkawari mutane suka ci gaba da gyara kurakurai da ƙara sababbin abubuwa, wasu a bakin aikinsu, wasu da dare ba ko sisi. Cikin masu kula da aikin har da injiniyoyin Amazon da Alibaba. Sai ga shi a Maris 2024 an wayi gari an janye BSD, an kawo wasu lasisi biyu da suka takura wa masu sayar da hidimar Redis. Ko wata ba a yi ba tsofaffin masu kula da aikin suka kwashi sigar ƙarshe mai 'yanci, suka kafa kishiyarta mai suna Valkey a ƙarƙashin Linux Foundation, gidauniyar da ke riƙon buɗaɗɗun manhajoji, Amazon da Google da Oracle suka mara musu baya.

Masu kare kamfanin na cewa Amazon ne ke cin gumin wasu ta hanyar sayar da hidimar Redis, shi kuwa kamfani dole ya ci abinci. To ai Redis ya san da Amazon tun ranar da ya yi alkawarin.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne yadda aka yanke hukunci a ɗaki, aka sanar da waɗanda suka yi aikin kamar baƙi. Kuma ba Redis kaɗai ba. Kamfanin Elastic ya sauya lasisin manhajarsa haka a 2021, aka haifi kishiyarta OpenSearch, ya lallaɓo ya dawo a 2024. Kamfanin HashiCorp ya yi wa manhajarsa Terraform haka a Agustan 2023, aka kafa kishiyarta OpenTofu, shekara ba ta cika ba IBM ya sanar zai saye shi kan dala biliyan 6.4. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hannun Redis da ya sauya lasisi sau biyu cikin wata 14, me zai hana shi na uku? Sunan manhajar nasa ne, hukumar yanke shawara tasa ce, masu zuba jari kuma ba su daina neman riba ba.

In da gaske Redis yake, ya miƙa sunan da ragamar aikin ga gidauniyar da ba ta cin albashinsa. Kafin nan, mai rubuta manhaja ya duba wa ke riƙe da suna da ikon sauya lasisi tun kafin ya ba da layi ɗaya na aikinsa.