Baiti ɗaya tak, kuma har yanzu mai kula da saba ake zagi

Duk lokacin da aka ce an kutsa sabar imel ta wani kamfani, wato kwamfutar da ke karɓa da aika masa saƙonni, abin da za ka fara ji shi ne "ai ba su yi faci ba", wato laifin yaron sashen kwamfuta ne da bai sabunta manhaja da wuri ba. Ni dai na gaji da wannan magana, ba don ƙarya ba ce gaba ɗaya, sai don ana amfani da ita a rufe wanda ya fara tafka kuskuren.

Mu ɗauki Exim, manhajar da Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambirij a 1995, wadda yanzu take karɓa da aika imel a sabobi bila adadin, kuma duk wanda ya sayi hostin, wato hayar wurin ajiye shafin intanet, mai manhajar gudanarwa ta cPanel, ko a Kano ne ko a Akara, da wuya in ba ita ce ke ɗaukar masa saƙo ba ko da bai taɓa jin sunanta ba. A watan Fabrairun 2018 Meh Chang ta kamfanin DEVCORE da ke Taiwan ta gano wata ɓaraka a cikinta, wadda aka ba lambar rajista CVE-2018-6789, kuma gaskiya in ka ga yadda abin yake sai ka riƙe baki. Akwai wani salon rubutu da ake ce wa base64, duk haruffa huɗu suna komawa baiti uku in an warware su (baiti shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta). Exim tana lissafa wurin da za ta zuba abin da ta warware, ta ware shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma in mutum da gangan ya turo rubutun da tsawonsa bai rabu da huɗu cif ba, ya bar rarar haruffa uku, to abin da zai fito sai ya fi wurin da baiti ɗaya. Ɗaya fa. Kamar ka cika mudu ƙwaya ɗaya ta gangaro cikin kwanon maƙwabci, sai dai a nan kwanon maƙwabcin shi ne inda manhajar ke ajiye bayanin girman sauran ma'ajiyoyinta, to wanda ya iya sarrafa wannan ƙwayar zai yi ta jan zaren har ya sa sabar ta gudanar da umarninsa, ba tare da ya shigar da kalmar sirri ko ɗaya ba. An ƙiyasta sabobi wajen 400,000 ne abin ya shafa, gyaran ya fito a sigar 4.90.1, kuma kuskuren yana nan kwance shekara da shekaru kafin a gan shi.

Wannan shi ne tumbatsar ma'aji, kuma ba sabon ciwo ba ne. Tsutsar Morris ta Nuwamba 1988, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta a intanet, da shi ta riƙa shiga kwamfutoci ta wata manhaja mai suna fingerd. A 2003 manhajar imel ta Sendmail ta sha irinsa, a shekarar ma Microsoft ta fitar da gyaran MS03-046 na tata manhajar imel, Exchange. Ita Exim ɗin ta sake yi a 2019 ta hanyar umarnin EHLO, wanda shi ne sallamar farko da saba ke yi wa 'yar'uwarta, sannan a 2021 kamfanin tsaron kwamfuta Qualys ya zazzage ɓaraka 21 a cikinta a lokaci guda.

Me ya sa sabar saƙo ta fi shan wahala? Saboda aikinta ke nan, ta tsaya a bakin ƙofa dare da rana ta saurari duk baƙon da ya yi sallama, ba za ka iya kulle ta ka ce sai wanda ka sani ba, in ka yi haka imel ya daina shigowa. Kuma yawancinsu da C ko C++ aka rubuta su, harsunan rubuta manhaja da ba sa duba maka ko ka wuce iyakar wurin da ka ware, kai ne za ka tuna a kowane layi. Microsoft da bakinta ta ce a 2019 kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da take gyarawa duk shekara matsalar ƙwaƙwalwa ce, masu Chrome ma suka faɗi kusan haka a 2020. In kamfanonin da suka fi kowa kuɗi da ƙwararru suna wannan kuskuren, to maganar "a ƙara kula" ba ta da inda za ta kai mu.

Na san abin da za a ce min, wai sake rubuta tsohuwar manhaja da Rust ko Go, harsunan da ke duba maka wannan iyakar, ba wasa ba ne, ga Exim ma kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, da wane ido za ka zage su. Haka ne, ni ma ba su nake nufi ba. Ina magana ne da masu tattara irin waɗannan manhajoji su sayar, da masu karɓar kuɗin lasisi duk shekara. Kuma ba lallai a rushe gida gaba ɗaya ba, a fara da ɓangaren da ke karanta abin da baƙo ya turo. Postfix ma, wata manhajar imel irin Exim, da C Wietse Venema ya rubuta ta, amma ya yanka ta ƙananan sassa, kowanne da ɗan ikonsa, in ɗaya ya faɗi ba lallai a samu mukullin gidan duka ba.

Shi kuma mai facin, a Satumban 2023 ZDI, wata cibiya mai tattara rahoton ɓaraka, ta fito da wata ɓarakar Exim, CVE-2023-42115, fili bayan ta ce ta kai wa masu Exim rahoto tun Yunin 2022, ɓangarorin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifin jinkiri, to a tsawon watannin nan me ake so ya liƙa? A Fabrairun 2025 CISA, hukumar tsaron intanet, da FBI a Amurka sun fito sun kira tumbatsar ma'aji aibin da ba a yafewa, suka ce masu saye su riƙa tambayar kamfani tsarinsa na kauce masa kafin su biya. Duk manajan da zai sa hannu a kwangilar sabar imel bana, ya fara da wannan tambayar kafin ya kira yaron sashen kwamfuta ofis.