A bar dainoson Crystal Palace yadda aka gina su

Jama'a, a kudancin Landan akwai lambun shaƙatawa da ake kira Crystal Palace Park, inda siffofin dainoso suke tsaye a bakin ruwa tun 1854. Benjamin Waterhouse Hawkins ne ya gina su da bulo da ƙarfe da kankare, masanin nan Richard Owen yana ba shi shawara. Kafin su, babu wanda ya taɓa gina dainoso da cikakken girmansa.

Nakan ga ana yawo da hotunansu ana dariya, wai ba haka dabbobin suke ba, me zai hana a gyara musu kamanni. Wallahi wannan magana tana damuna.

E, akwai kuskure. Ku dubi Iguanodon: an yi shi jibgege, tsaye kan ƙafa huɗu kamar karkanda, da ƙaho a kan hanci. Ashe wannan ƙashi mai tsini babban yatsansa ne. Sai da aka haƙo cikakkun ƙasusuwa a ramin kwal na Bernissart a Beljiyam, a 1878, gaskiya ta bayyana. Megalosaurus ma, wani dainoson da aka gina kan ƙafa huɗu, ashe da ƙafa biyu yake tafiya. To amma me ke hannun mutanen nan a lokacin? 'Yan haƙora da guntayen ƙashi. Da su suka yi iya ƙoƙarinsu. Yaron da ya tsaya gaban wannan ƙaho, aka ba shi labarin Bernissart, ya ga yadda ilimi ke gyara kansa da idonsa. In aka sare ƙahon, me za a nuna masa?

Abin da suke buƙata kulawa ce. Gobarar 1936 ta cinye ginin gilashin da lambun ya ci sunansa, su suka tsira, amma ruwan sama da sanyi suna tsattsaga su. A 2020 har muƙamuƙin Megalosaurus ya karye, duk da cewa tun 2007 suna matakin farko na kayan tarihin Ingila.

Mu ma maganar ta shafe mu. Ouranosaurus, ɗan'uwan Iguanodon, a Gadoufaoua aka haƙo shi, cikin hamadar Nijar, kuma akwai ƙasusuwan dainoso a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. 'Yan'uwa na Yamai, don Allah ku kai yaranku su gani.